Ƙwarya Ta Bakwai

A Agege ƙara ba ta barci.
Janareton maƙwabci na tari tun magariba,
kwandasta na rataye a ƙofar danfo
yana yayyaga sunan Oshodi gida biyu,
jirgin ƙasa ya ratsa kasuwa, kwanon rufi ya ɗauki rawa.
Mu mun saba, kunnenmu ya yi kanta.
Na Jazuli bai yi ba.

Shekararsa shida. Tafin hannu a kan kunne,
ƙarƙashin teburin da nake gyaran rediyo,
yana lilo gaba da baya kamar mai tilawa ba allo.
Likitar Yaba ta ba abin suna: galahanga.
Na kawo sunan gida a aljihu tare da canjin mota,
bai buɗe mini komai ba.
Mabuɗin yana cikin abin da ta faɗa a bakin ƙofa:
"Baba Jazuli, ba kurma ba ne. Ji ne ya yi masa yawa."

To, ni da na ƙarar da ƙuruciya ina ƙara wa akwati murya,
yau ga ni ina koyon rage ta.

Ƙwarya ta farko na sa mata lasifikar matacciyar waya,
in ka taɓa, ta saki kiɗan biki.
Ya wurga ta kwata. Ya yi gaskiya.
Ta biyu na yi mata fitilu, ja da kore,
ya juya mata ƙeya kwana uku.
Ta uku fentinta na wari; ni ban ji ba, shi ya ji.
Ta huɗu batir ya mutu a tsakiyar sauti,
kukan ranar, sai da Iya Sikira ta bar agadarta a wuta ta leƙo.
Ta biyar da ta shida, a bar zancen.

Kubura ta ce, "Abin da kake so kake ta ƙera masa.
Zauna ka kalle shi."
Na ajiye dalma. Na ja ƙofar shago yini guda,
ban lissafa asarar ba.

Sai na gani.
In an kawo wuta yakan manna kunci jikin tsohon firji,
yana gunji ta hanci daidai da nasa gunjin,
sauti guda, ƙasa-ƙasa, ba hawa ba sauka.
Waƙarsa ke nan, tana nan tun tuni.
Ashe mu ne kurame.

Ƙwarya ta bakwai ba ta da ado.
Na goge ta har ta yi santsin goshi,
na cusa auduga, na naɗe bakin da tsohon zanen uwarsa
don ƙanshin ya zama na gida.
A cikinta ɗan injin da ke sa waya karkarwa,
wanda Chibuzo na Ikeja ya ba ni gyara,
da amon tsirkiyar gurmi ɗaya tak
da na naɗa kafin assalatu, na yi ta saukar da shi
har ya yi kafaɗa da firjin.
In ka rungume ta, ta yi. In ka saki, ta yi shiru.
Ba ta magana sai an tambaye ta,
tarbiyyar da Legas ba ta samu ba.

Na tura ta ƙarƙashin tebur, ban ce uffan ba.
Laraba bai duba ba.
Alhamis ya taɓa da babban yatsan ƙafa.
Juma'a, jirgin la'asar ya taho da ruri,
hannunsa ya tashi zuwa kunne,
ya tsaya a hanya,
ya sauka kan ƙwarya.

Ya matse, ta amsa. Ya saki.
Ya matse sau biyu.
Sannan, idonsa na kan bango,
ya turo ta da ƙafa har ta bugi gwiwata.

Na matse sau biyu.

Ba zan ce ya yi magana ba, bai yi ba,
kuma jiya ma ya yi kuka da aka buɗe injin markaɗe.
Amma mun gaisa.

Yau Iya Sikira ta zo da ƙwarya a hammata,
wai jikarta ma ba ta son ƙara, a yi mata irin ta Jazuli.
Na ce, Iya, ajiye ƙwaryar tukuna.
Kawo yarinyar, in zauna in kalle ta.